Muhawara: Shin hadari da iska ne ke kayar da jiragen fasinja?

Alhaji Matafiyi: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai maganata ɗaya ce, babu abin da ke kayar da jiragen fasinja kamar hadari da iska, sauran dalilan duk kame-kame ne. Kamfanoni ba sa so a faɗa don kada a guji sayen tikiti lokacin ruwa. Ku dubi jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris a 2009, hadari ya shiga a tsakiyar tekun Atlantika, mutum 228 babu wanda ya fita. Ku dubi na kamfanin ADC a Abuja a 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Da ni ke da iko, da zarar gari ya haɗe babu jirgin da zai motsa.

Makanikin Jirgi: Wa alaikumus salam. Alhaji, misalinka na farko ai ni ka ɗauko wa. An ciro akwatunan naɗar bayanan jirgin nan daga ƙarƙashin teku a 2011, hukumar binciken Faransa ta fitar da rahoto a 2012. Akwai wasu 'yan bututu a gefen hancin jirgi da ke auna gudunsa. Ƙanƙara ce ta toshe su, na'urar da ke tuƙa jirgin ta ga lissafi ya rikice, ta sakar wa matuƙa. Toshewar ba ta fi kamar minti ɗaya ba. Injina biyu lafiya lau, fukafukai lafiya lau. Da an riƙe jirgin a yadda yake, da ya wuce. Sai mataimakin matuƙi ya ja sanda baya, hanci ya ɗaga, jirgi ya yi ta hawa har wajen ƙafa 38,000 gudunsa na raguwa, har fukafukan suka daina ɗaukarsa. Ƙararrawar gargaɗi tana ta ihu ba su gaskata ta ba. Kyaftin yana hutu, kafin ya dawo ya gane abin da ake ciki lokaci ya ƙure. Minti uku da rabi suna zubowa, injina na aiki har suka daki ruwa.

Alhaji Matafiyi: To ƙanƙarar daga ina ta fito, Injiniya? Daga aljihun matuƙin? Da babu hadarin ai da sun sauka Paris lafiya.

Malamar Kimiyya: Alhaji, ranka ya daɗe, wasu jiragen sun bi wannan yankin a daren, sun kauce wa hadarin sun isa. Tambayar ita ce me ya sa wannan kaɗai ya faɗi. Sannan kunnenmu ne ke saurin kama labarin yanayi, don shi ake fara faɗa kafin bincike. Lokacin da jirgin AirAsia ya faɗa tekun Java a Disambar 2014 da mutum 162, kowa cewa ya yi hadari ne, har an ji matuƙan sun nemi izinin kauce masa. Da rahoton Indonesiya ya fito, sai ga shi wata 'yar tsaga ce a haɗin lantarkin na'urar da ke kula da jelar jirgin. Ta daɗe tana damun su, aka yi ƙoƙarin kashe ta a kunna a sama, tuƙi ya kuɓuce. Su kuma jiragen Boeing 737 MAX biyu, na Lion Air a 2018 da na Habasha a 2019, mutum 346 ke nan, wane hadari suka shiga? Na Habasha da safe ya tashi, gari garau, minti shida ya yi a sama. Manhajar da ke danna hancin jirgi ƙasa ce ta ci su.

Ɗan Jarida: Ni ban tare da Alhaji, amma ku ma ban yarda da ku duka ba. Kullum sai a ce kuskuren matuƙi, saboda wanda ya mutu ba ya tashi ya kare kansa. A batun Air France ɗin, an san waɗannan bututun suna toshewa tun kafin ranar, har an fara sauya su, ba a kai ga wannan jirgin ba ne. Wa ya koya wa matasan matuƙan tuƙi da hannu a can ƙololuwa cikin dare? Babu. Laifi tudu ne.

Makanikin Jirgi: Wannan gaskiya ne, kuma rahoton ma ya taɓo horon. Shi ya sa aka ƙara wa matuƙa darasin farfaɗo da jirgi in ya rasa ɗauka.

Ɗan Jarida: Sannan akwai inda Alhaji ke da gaskiya tsagwaronta. Jirgin Delta da iska ta kayar a Dallas, 2 ga Agustan 1985. Mutum 137. Ka gaya mini kuskuren da ya kai iskar nan ƙarfi.

Makanikin Jirgi: Wannan iskar ita ce muke tsoro da gaske, ba walƙiya ba. Daga cikin gajimaren hadari take zubowa ƙasa, in ta daki ƙasa sai ta bazu kowane gefe, kamar ka juye bokitin ruwa a daɓe. Jirgi mai sauka zai fara cin karo da ita ta gaba, gudunsa ya ƙaru, matuƙi ya rage wuta. Daƙiƙu kaɗan sai ta danno shi daga sama, sannan ta koma bayansa, gudu ya zube, ga ƙasa kusa, ga inji an rage masa ƙarfi. Wani masani ɗan asalin Japan, Ted Fujita, shi ya gano ta bayan faɗuwar jirgin Eastern a New York a 1975, kuma da farko masana da yawa ba su yarda da shi ba. Amma ka dubi abin da ya biyo bayan Dallas. Amurka ta wajabta sa na'urar gargaɗin wannan iska a jiragen fasinja, aka kafa rada ta musamman a manyan filaye, aka koya wa matuƙa su ba inji wuta gaba ɗaya su tsere. Iskar tana nan ba ta je ko'ina ba, amma rabon da ta kayar da babban jirgin fasinja na Amurka tun na USAir a Charlotte a 1994.

Alhaji Matafiyi: Na Abuja fa? Shi ma ai ita ce.

Makanikin Jirgi: Ita ce, jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Amma masu bincike sun ɗora alhakin a kan shawarar tashi alhali an san yanayin, da rashin bin ƙa'idar fita daga iskar yadda ya kamata.

Auta: Yayyena ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni abin da ke tsinka mini zuciya tsawa ce da girgizar nan da jirgi ke yi. Fiffike ba ya karyewa?

Malamar Kimiyya: Auta, kusan kowane jirgin fasinja tsawa na faɗa masa kamar sau ɗaya a shekara, wani lokaci fasinja ba sa ma sani. Wutar ta jikin jirgin take bi ta waje, ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani. A 1963 ta taɓa kunna tururin mai a tankin jirgin Pan Am a Maryland, mutum 81 suka mutu, daga nan aka tsaurara yadda ake ƙera tankuna. Fiffike kuwa sai an gwada shi da nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammani sau ɗaya da rabi. Lanƙwasawar da kike gani ta taga, haka aka yi shi. Girgiza mutanen ciki take ji wa ciwo. Jirgin Singapore Airlines a Mayun 2024 ya gamu da ita a saman Myanmar ana raba abincin safe, waɗanda ba su ɗaura bel ba suka daki rufi, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. Jirgin ya sauka Bangkok da ƙafafunsa.

Ɗan Jarida: Malama, kin tsallake na Aeroflot a Mosko a 2019. Tsawa ta same shi, mutum 41.

Malamar Kimiyya: Ban manta ba. Tsawar ta rikita masa lantarki, amma ya juyo ya iso titi yana tuƙuwa. Wajen sauka ya yi ta tsalle har ƙafafun suka huda tankin mai. Wutar a ƙasa ta tashi.

Alhaji Matafiyi: Kuna ta zagaye ne kawai. Kowane labari kuka kawo, da hadari yake farawa, sannan ku ce mutum ne. To a cire hadarin mana, a bar jirgin a ƙasa, mutum ya rasa inda zai yi kuskuren.

Makanikin Jirgi: Ai dokar tana nan, Alhaji. Kowane titin jirgi yana da iyakar nisan gani da ake buƙata, kowane jirgi yana da iyakar iskar gefe da zai iya sauka da ita, kuma ana ɗaukar man da zai kai wani filin in wannan ya ƙi. Matsalar ita ce lokacin da aka zo kan iyakar aka ce bari dai a gwada. Kozhikode a Indiya, Agustan 2020, ana tafka ruwa. Matuƙan wani jirgi sun fasa saukar farko, suka dawo ta ɗaya ɓangaren iska na bayansu, tayoyi ba su taɓa ƙasa ba sai wajen rabin titin. Mataimaki ya ce a sake tashi, kyaftin bai yi ba. Titin a kan tudu yake, suka zarce suka gangara, mutum 21 har da matuƙan biyu. Da sun wuce wani filin, da fasinja sun yi ta mita ne kawai.

Malamar Kimiyya: Kuma Alhaji, in ba a yi mini musu ba, kana cikin masu ɗaga murya a gaban kanta in an ce an ɗage tashi saboda yanayi.

Alhaji Matafiyi: Ina ɗagawa mana, don rabin lokaci ƙarya suke, jirginsu ne ya lalace suke laɓewa da yanayi. In da gaske hadari ne, in kwana a kan benci ban damu ba.

Ɗan Jarida: To nan ne gizo ke saƙar. Kyaftin ya karkata zuwa wani gari, kamfani ya biya ƙarin mai da masaukin mutum 180, jadawalin gobe ya wargaje. Injiniya, ka faɗa mana tsakani da Allah, washegari jinjina masa ake yi ko kiransa ake yi ofis?

Makanikin Jirgi: A takarda, magana ta ƙarshe ta kyaftin ce, kuma kamfanoni da yawa sun rubuta cewa ba a tuhumar wanda ya fasa sauka. A aikace kuwa, ya danganta da kamfanin da kuma hukumar da ke sa masa ido. Na san inda ake bin wannan sau da ƙafa, na kuma san inda matuƙi ke fara tunanin abin da manaja zai ce tun yana sama.

Alhaji Matafiyi: To ku faɗa mana sunayensu mana mu san wanda za mu hau.

Makanikin Jirgi: Wannan kuma ba a bakina ba, Alhaji, da sauran aikina.