Neman kalmar Hausa: me za mu kira "trunk" a jinyar mai shanyewar ɓarin jiki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau da roƙo na zo, ina so masana harshe da abokan aikina na gashin ƙashi su sa baki. Akwai kalmar Turanci da ta hana ni sakat a wajen aiki, wato "trunk". Ana nufin sashen jikin mutum daga kafaɗu zuwa kwankwaso, in an ware kai da hannuwa da ƙafafu: ƙirji, ciki, kwiɓi, gadon baya, duk a haɗe.

Ga abin da ya sa na damu. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, hankalin kowa yana kan hannun da ya saki da ƙafar da yake ja. Amma kafin ya tsaya sai ya iya zama, kuma zaman nan tsokokin ciki da na baya ne ke riƙe da shi. Hannu da ƙafa, galibi ɓangaren ƙwaƙwalwa na ɗaya gefen ne ke ba su umarni. Tsokokin tsakiyar jiki kuwa daga ɓangarorin biyu suke karɓar saƙo, shi ya sa rauninsu ba ya fitowa fili kamar na hannu, amma yana taɓa hagu da dama duka. Masana sun daɗe da ganin haka. A 1990 Collin da Wade a Ingila suka fitar da gwaji mai abu huɗu kacal: mirginawa zuwa gefen da ya raunana, mirginawa zuwa gefen lafiya, tashi zaune daga kwance, da zama a bakin gado ba tare da faɗuwa ba. A 2004 Verheyden da abokan aikinsa a Jami'ar Leuven ta Beljiyam suka kawo wani ma'aunin mai maki 23. To, sashen da ake auna wa har maki, ya kamata a ce muna da sunan da mara lafiya zai ji ya ɗora hannu a kansa nan take.

Na fara da "gangar jiki". A asali ita ce daidai, domin ganga ce aka kwatanta da sashen. Sai dai yau in ka ce gangar jiki, mutane jikin gaba ɗaya suke ji, kishiyar ruhi. Na taɓa ce wa wani dattijo, "Baba, a motsa gangar jiki," sai ya ɗaga hannun lafiyar yana kaɗa ƙafa. Bai yi kuskure ba, abin da na faɗa ya yi.

"Ƙugu" da "kwankwaso" sun yi ƙasa, sun bar ƙirji. "Gadon baya" ya manta da ciki.

Sai "kututture", wadda na ga wasu na fassarawa kai tsaye daga kututturen itace. Wannan ita na fi ƙi, kuma a nan nake so mu tsaya mu duba yadda mutum ke juyawa. Mai lafiya in an kira shi daga baya yana tafiya, ido da kai ne ke fara tafiya wajen kiran, kafaɗu su bi, sannan kwankwaso, ƙafa ce ta ƙarshe. Jere ne, kowane yana jan na bayansa. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa wannan jeren ne ke ɓace masa. Kai da kafaɗa da kwankwaso su sandare su tafi tare, yana ta ƙananan taku, yana ɗaukar lokaci, nauyinsa duk a ƙafa ɗaya. Wato kamar kututture yake juyawa, kuma cutar da muke yaƙa ke nan. Yaya za mu raɗa wa sashen sunan cutarsa? Haka "ginshiƙi" da "turke": suna da ƙarfi, amma ba sa lanƙwasa. Mu ƙarfi da laushi muke nema tare.

Kuma juyin nan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ba ya yini yana tafiya a miƙe. Zai juya ya zauna a kujera, ya juya ya rufe ƙofa, ya juya a banɗaki inda wuri ya matse. Faɗuwa a lokacin juyi ta gefe take kai mutum, kan ƙashin cinya, sau da yawa ta gefen da ya raunana, inda hannu ba zai tare ba kuma ƙashin ya rage ƙwari saboda rashin ɗaukar nauyi. Shi ya sa a ma'aunin Berg, wanda ake auna daidaiton zama da tsayuwa da shi, mai abu 14, ɗaya daga ciki shi ne mutum ya juya ya zagayo inda ya faro, kuma cikakken maki sai wanda ya yi cikin daƙiƙa 4 ko ƙasa. Gwajin tashi da tafiya na 1991 ma, inda mutum ke tashi daga kujera ya je ya dawo ya zauna, nisan mita 3 ne kawai, amma a tsakiyarsa akwai juyi.

Shawarata ita ce "uwar jiki". Hausa tana da wannan ƙirar tuntuni: uwar kuɗi ita ce tushen da riba ke fitowa daga gare ta, uwar ƙungiya ita ce ke riƙe da rassa. Uwa tana ɗauka, tana riƙewa, kuma rayayya ce mai motsi. Hannu da ƙafa a jikinta suke rataye. In uwa ba ta tsaya ba, hannu ba zai miƙa ya ɗauki kofi ba tare da mutum ya kife ba. Daga nan sai mu ce "atisayen uwar jiki" ga su ɗaga kwankwaso a kwance, da karkata gwiwoyi hagu da dama, da miƙa hannu nesa a zaune har nauyi ya koma kan gefen da ya raunana.

Wata 'yar'uwa ta ce me zai hana "tsakiyar jiki" kawai. Yaya, na yarda ta fi sauƙi, kuma zan riƙa amfani da ita wajen bayani. Amma da na gwada, cibiya mutane ke nunawa, ƙirji da baya su fita daga lissafi.

Ga juyin kuma, a Turanci kalma ɗaya, "turn", tana iya shiga kusan ko'ina, mu muna da wadata. A kwance, mirginawa ce. A zaune, in kafaɗu suka tafi kwankwaso na nan, murɗawa ce. In kai ne kaɗai, waiwaye. A tsaye ko cikin tafiya, juyawa. Saboda haka abin da ake aunawa mu kira shi "iya juyi". Wani malami ya kawo "shan kwana". Malam, a bar wa mota wannan, domin mai shan kwana yana da fili, mara lafiyarmu kuwa a tafin ƙafa biyu yake juyawa.

In babu mai ja, daga gobe ga abin da zan riƙa faɗa a bakin gado: "Baba, a bar ƙafa a ƙasa, a fara waiwayawa, sannan a murɗa uwar jiki a biyo ni." Wanda ya gwada ta da nasa mara lafiyar, don Allah ya dawo ya gaya mana inda aka ɗora hannu.