Kuɗin kare namun daji da Amurka ke bayarwa a waje: wace doka ce, kuma ta ina ake nema?

Ɗan Gora:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ana cewa Majalisar Dokokin Amurka na ware kuɗi don kare dabbobin dawa a wasu ƙasashe. Doka ɗaya ce ko da yawa? Ƙaramar ƙungiya mai aiki kan giwayen Yankari za ta iya nema?

Malam Gandu:
Wa alaikumus salam. Dokoki ne daban-daban, kowace da dabbarta. Ta giwar Afirka ce farko, a 1988, lokacin da farautar haure ta yi ƙamari. Sai ta karkanda da damisar Asiya a 1994, giwar Asiya 1997, manyan birai irin gwaggon biri 2000, kunkurun teku 2004. Hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ce ke riƙe da asusun. Giwar Yankari ta shiga, haka gwaggon birin Kuros Riba. Amma zaki ko raƙumin dawan Kure a Nijar ba su da irin wannan asusu na kansu, kada a ɓata lokaci a rubuta takarda a kansu.

Abin da ke ruɗa mutane: dokar izini take bayarwa, ba kuɗi ba. Sai majalisa ta sa adadin a kasafin kowace shekara, kuma sau da yawa abin da ake sawa bai kai abin da dokar ta yarda ba. Akwai ɗan ƙari daga wani kan sarki na musamman da aka fara sayarwa a 2011.

Hajiya Mai Lissafi:
Ɗan Gora, za a iya nema, amma a fara da rajista tun kafin sanarwar buɗe neman tallafin ta fito. Ƙungiya za ta yi rajista a SAM.gov, shafin rajista na gwamnatin Amurka, ta karɓi lambar shaida da ake kira UEI, sannan a Grants.gov, shafin neman tallafi. Nan ake makalewa. Sunan ƙungiya da adireshinta dole su zo daidai harafi da harafi da abin da ke takardar rajistarta. Waƙafi ɗaya ya bambanta, a dawo da ita, makonni su wuce. Rajistar kuma shekara guda take yi, in ba a sabunta ba kuɗi ba ya fita.

A samo wasiƙar amincewar hukumar da ke da dajin, a Yankari gwamnatin Jihar Bauchi ke nan. A kasafi a rubuta komai filla-filla: alawus na masu sintiri nawa, kwana nawa, man babur lita nawa. Kuɗin tafiyar da ofis, in babu yarjejeniya ta musamman, kashi 15 cikin ɗari ake yarda tun Oktoba 2024, kafin nan kashi 10 ne. Kuma tunda da dala ake lissafi, a rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi.

Malam Gandu:
Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai a san cewa tun Janairun 2025 da aka dakatar da tallafin waje, ayyuka da dama sun tsaya cak. Mai sintiri in ya yi wata uku babu albashi, daji ya zama na maharba. Don haka kada a jingina albashi kan wannan asusu kaɗai. A sa shi a kan kayan aiki da na'urar bin sawun giwa da ake ɗaura mata a wuya, albashi a nema masa wata hanya.