Innarmu ta shekara ukku tana shan Lexotan, yanzu ba ta kwana sai da shi

Maman Hanan:
Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Tun rasuwar Baba, Inna ta daina samun kwana, ga hawan jini, sai likita ya rubuta mata Lexotan mai miligiram 1.5 ya ce ta sha sati biyu ta dawo. To ba ta koma ba, da ya ƙare sai ta aiki ƙanena wani kemis nan unguwarmu ya sayo mata, shi ko mai kemis bai taɓa cewa ina takarda ba, haka dai har shekara ukku, yanzu mai miligiram 3 take sha kuma wani dare sai ta ƙara rabi. Satin da ya wuce na ɓoye maganin don na ga ta fara mantuwa, ta aje abu ta rasa inda ta sa. Wallahi kwana biyu jikinta ya kama rawa, zufa, tana cewa zuciyarta za ta fito, ko ƙarar cokali ba ta so. Gwaggo ta ce iska ce a kira mai ruƙiyya. Da na maido mata ta sha, kamar an yi ruwa an ɗauke. Mi ke faruwa ne?

Sista Asabe:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki sake ɓoye mata, don Allah. Lexotan suna ne da kamfani ya sa ma maganin, asalin sunan shi bromazepam, dangin su Valium ne wato diazepam da yara ke ce ma D5, da Rohypnol da suke ce ma rochi. Duk aikinsu ɗaya, suna ƙara ƙarfin wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA wanda ke lafar da jiki. Ƙa'ida sati 2 zuwa 4 ake shan su. In an daɗe sai ƙwaƙwalwa ta saba ta rage nata ƙoƙarin, shi ya sa 1.5 ya daina yi mata, kuma in aka yanke lokaci guda jiki ya birkice, rawar jiki da fargaba da rashin barci, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wannan tana iya kisa. Abin da kika gani ke nan. Addu'a a yi ta, amma a kai ta ga likita, su ke rage shi kaɗan kaɗan, wani lokaci su maida mutum kan diazepam don ya fi daɗewa a jini sannan a riƙa ragewa duk bayan sati biyu ko fi, yana iya cin watanni. Mantuwar ma daga shi ne galibi, kuma ki lura da ita in za ta bayi da dare, tsofaffi masu shan shi sun fi faɗuwa su karye a ƙugu.

Ɗan Kabu-kabu:
Hajiya ni ganau ne. Da rana tiramol don aiki, da dare D5 don in samu in runtsa, shekara biyu ina haka. Ran da na ce na tuba na watsar duka sai farkawa na yi na ga mutane a kaina, wai faɗuwa na yi ina shure-shure har na ciji harshe. Wata bakwai aka yi ana rage min. Allah ya ba Inna lafiya.

Malam na Runjin Sambo:
Ni hwa likitoci nike ganin laifinsu. Mutum ya ce ba ya barci, kafin ya rufe baki an rubuta, ba wanda zai ce mashi wanga magani yana kama mutum.

Sista Asabe:
Malam akwai gaskiya ciki, layi ya yi tsawo, likita na sauri, wani ya buɗe kati ya ga an taɓa rubutawa sai ya maimaita. Amma nan likitan sati biyu ya ce, shekara ukkun a kemis aka same ta, alhali magani ne da doka ta hana a sayar ba takarda. Shi kuma Ɗan Kabu-kabu Allah ne ya tsare, haɗa irin su D5 da tiramol ko kodin ko giya na danne numfashi.

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai, jikina ya yi sanyi wallahi. Na yi mata maganar asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, ko da wasa kar in sake.

Sista Asabe:
To a bar Kware tukuna. Ki kai ta UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan Sakkwato, a matsayin duba hawan jininta, ki tafi da kwalin maganin a jaka, ki faɗa ma likita adadin da take sha na gaskiya har da rabin nan da take ƙarawa. Kafin ranar ta ci gaba da sha yadda ta saba, kar a ƙara kar a rage.