Kayan ƙarfen mayaƙin Ingila na 1450 zuwa 1485: inda ƙira ke ɓaci da yadda ake gyara ta

Mai Masaba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu ƙera wa 'yan kwaikwayon yaƙin tarihi kayan ƙarfe, musamman na zamanin basasar gidan York da gidan Lancaster, irin waɗanda ake sawa a bikin kwaikwayon yaƙi na garin Tewkesbury duk watan Yuli, ku zo kowa ya ajiye abin da hannu ya koya masa.

Zan fara da samfur, don a nan ɓarnar farko take. Na Ingila na ƙarni na 15 babu cikakken saiti da ya rage, sai ɗaiɗaikun abubuwa kamar kwalkwalin da ke gidan tarihin Herbert a Coventry, na wajen 1460. Maƙerar Greenwich da ake yawan ambato kuwa Sarki Henry na 8 ne ya kafa ta a ƙarni na 16, ba ta cikin lissafinmu. Abin dogaro shi ne mutum-mutumin da aka sassaƙa kan kaburburan manya a cikin coci-coci, galibi da farin dutsen alabasta, irin na Ralph Fitzherbert a Norbury wanda ya rasu a 1483. Masassaƙan nan sun fitar da har maɗauri da kan ƙusa. A zaɓi guda, a tsaya cikin shekara goma zuwa ashirin nasa. Kada a ɗauko kafaɗa daga 1420 a ɗora kan ƙirjin 1480.

A kuma yi hattara da na Richard Beauchamp da ke cocin St Mary a Warwick. Ya rasu a 1439, an zuba siffarsa da tagulla wajen 1450, kuma ana ganin gaba da baya, shi ya sa kowa ke son kwafarsa. Amma salon Milan ta Italiya ne a jikinsa, na mahayi, kafaɗar hagu ta fi ta dama kariya. Manyan Ingila sun fi sauka su yi yaƙi a ƙasa, don haka nasu salon, kamar yadda binciken masanin tarihin kayan yaƙi Tobias Capwell ya nuna, hannu biyu kusan iri ɗaya ne, siket ɗin falle-fallen da ke sauka daga ƙugu ya fi tsawo, cinya kuma a rufe har baya.

Tela:
Malam, kafin a taɓa ƙarfe a ɗinka rigar ciki tukuna, a kanta ake awo. Akwai wani rubutun Ingila na wajen 1450 a kundin Hastings da ya zayyana yadda ake shirya mayaƙin ƙasa: riga ta yadi mai haɗin lilin da auduga, shafinta satin, ba a sa wata riga a ƙarƙashi, igiyoyin ɗauri na murɗaɗɗen zare irin na tsirkiyar baka, a shafe su da kaki don kada su miƙe. Har guntun bargo ya ce a naɗa a gwiwa saboda gurza.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yi ta da kauri kamar lifidi. Lifidi shi kaɗai yake tare sara, wannan kuwa aikinta ɗaukar nauyi. Yadi ninki uku ko huɗu ya isa, ta kama ƙugu tamau, domin kayan cinya a jikinta ake rataye su. In ta yi sako-sako a ƙugu nauyin ya koma kafaɗa, kafin awa biyu wuya ya sage. Ramukan igiya bibbiyu ake yi, a buɗa su da basilla a zagaye da zare. In aka huda da ƙarfen huji an yanke zaren yadin ke nan, ramin zai yage.

Mai Zugazugi:
Kauri kuma ba ɗaya ba ne ko'ina. Da ƙarfe mai laushi ina sa milimita 2 a kwalkwali da tsakiyar ƙirji, 1.5 a gwiwa da gwiwar hannu, 1.2 a dantse, ƙwauri da falle-fallen siket. Duka saitin ya tsaya tsakanin kilo 20 da 27. Wanda ya yanka komai daga falle mai milimita 2 zai haura 35, mai sawa ya tsani kayan. Kowace ƙungiyar 'yan kwaikwayo tana da ƙa'idarta ta mafi ƙarancin kauri da faɗin tsagar ido, a tambaya kafin a yanka.

A fara fitar da kowane yanki a kwali, a gwada a jiki. Farantin ƙirji yana ƙarewa ne a ƙarshen haƙarƙari, sama da cibiya, ba inda ake ɗaura wando ba. In ya zarce nan mutum ba zai iya sunkuyawa ba, in ya zauna kuma bakin sama ya tokare masa maƙogwaro. Faɗinsa tsakanin hammata biyu ya zama mutum na iya miƙa hannu biyu gaba ya haɗa tafi ba tare da ƙarfe ya ciji dantse ba.

Lanƙwasa iri biyu ce. Akwai dukan falle cikin ramin kututture, wanda ke shimfiɗa tsakiya ta sirance. Kwalkwalin da aka yi haka kaɗai, ƙoƙonsa inda sara ke sauka shi ne ya fi rauni. Akwai kuma tayarwa: a kifa fallen kan turken ƙarfe mai zagayen kai, a bi shi da guduma daga waje zagaye-zagaye, daga tsakiya zuwa baki, ƙarfen na tattaruwa maimakon ya sirance. Wannan ce hanyar kwalkwali da ƙoƙon gwiwa. Da zarar ƙarfen ya fara gardama, ƙararsa ta sauya, a mayar da shi wuta ya yi ja a bar shi ya huce a hankali, in ba haka ba baki zai tsage. Naɗin baki a wannan ƙarnin waje yake juyawa, kuma sumul. Wanda ya juya ciki da zanen igiya na ƙarni na 16 ne, mai ido daga nesa zai gane.

Mai Masaba:
Haka ne. Ƙari a kan gaɓoɓi: kada a dasa ƙusa sai an haɗa da ƙananan noti an lanƙwasa an miƙe sau da yawa. Ramin da falle ke juyawa a kansa in ya kauce da milimita 3, ko dai gwiwa ta buɗe giɓi in an durƙusa, ko ta cije a rabin hanya. Makarin ƙwauri shi ya fi komai wuya, sai an zuba siffar ƙafar mai shi da filasta. Ya bi tudun sha-raɓa, ya matse sama da idon sawu, ya zauna da kansa. Maƙalarsa mai buɗewa a waje take, maɗauri a ciki.

Mai Zugazugi:
In ana son rage nauyi, ƙarfe mai matsakaicin kabon irin C45 mai milimita 1, in an taurara shi, ya fi mai laushi na 1.5 jure duka. A huda duk ramuka tukuna. A gasa shi ya kai wajen digiri 840 na Celsius, a tsoma a mai, sannan a mayar da shi tanda a 350 zuwa 400 na awa guda. Wanda ya tsallake wannan na biyun, kayan zai fashe kamar tangaran. Manyan faranti suna murɗewa wajen tsomawa, sai an ɗaure su da firam. Falle mai rufin zinki kuwa ko kusa da wuta kada ya je, hayaƙinsa na kwantar da mutum.

Baduku:
Ranka ya daɗe, a nan ina da ja kaɗan. Ba duk kayan wancan zamani aka taurara ba. Na talakan soja da yawa baƙin ƙarfe ne mai ƙarancin kabon, don haka mai kwaikwayon maharbi ko ɗan mashi bai yi laifi ba in ya sa mai laushi. Wanda ba ya shiga sam shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na kwanon silba. Hasken nasa daban ne.

Fata kuwa, jimar gargajiya mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3 ake so, a sa washa, wato 'yar faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, tsakanin kan ƙusa da fata, in babu ita ƙusar za ta ratsa. Layin ƙusoshin da ke zagaye da kwalkwali ba ado ba ne, zirin fata suke riƙe da shi daga ciki, a jikinsa ake ɗinka hular lilin da aka cusa wa auduga ko ulu. Hular ta rataya, a bar ɗan sarari tsakaninta da ƙarfe. Soson da aka manna da gam yana kai duka kai tsaye ga ƙoƙon kai, ga riƙe gumi.

Ɗan Sulke:
A wannan zamanin ba a cika sa cikakkiyar rigar sulke irin ta 'yan sulken hawan sallah a ƙarƙashin faranti ba. Gunduwa-gunduwa ake yi: na hammata da cikin gwiwar hannu a ɗinke su jikin riga da zare mai kaki, sai na wuya da na kwankwaso. Kowane zobe na riƙe da huɗu, faɗin cikinsa milimita 6 zuwa 8, kuma kowanne da ƙusarsa. Zoben da aka haɗa bakinsa kawai yana buɗewa a hammata tun ranar farko. A ɗinka na hammata mai riga ya ɗaga hannu sama, in an ɗinka hannu na ƙasa ba zai ɗagu ba.

Bayan kowane wasa a goge gumi nan take, gishirinsa ne ke sa tsatsa kafin gari ya waye. A shafa mai kaɗan ko kakin zuma, rigar kuma a shanya ta daban, kada a kulle ta cikin jaka ɗaya da ƙarfe.