Man zaitun ɗin nan ya sa ni tari, ya lalace ne?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Tunisiya ya zo hutu, ya kawo min tsarabar man zaitun lita ɗaya a gwangwani. Ina buɗewa sai ƙamshi kamar an yanki ɗanyar ciyawa. Na sha cokali ɗaya da safe yadda na saba, wallahi sai ɗaci, can kuma wani yaji ya kama ni a maƙogwaro har na yi tari sau biyu. Wanda nake saye a shagon magungunan Musulunci na unguwarmu bai taɓa yi min haka ba, lami ne. Ya lalace a hanya ne? In bar shi na shafawa kawai?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kuskura ki ƙarar da shi a shafa! Wannan tarin shi ake nema. Akwai wani sinadari, oleocanthal, a man da aka matse daga zaitun tun yana kore, shi ke ƙaiƙayin maƙogwaro. In daga arewacin Tunisiya ne, zai yiwu irin da suke kira Shetuwi ne, an san shi da ɗaci da yaji. Na wajen birnin Sifakis, can dai a Tunisiya, ya fi sanyi a baki.

Ga yadda masu ɗanɗano ke yi: ki zuba kaɗan a ƙaramin kofi, ki rufe da tafin hannu, ɗaya hannun yana ɗumama shi. Bayan minti ɗaya ki shinshina, ki kurɓa, ki ja iska ta tsakanin haƙora, sannan ki haɗiye. Su har kofi shuɗi suke amfani da shi don kada launi ya ruɗe su, domin kore ko ruwan zinariya ba shi ne inganci ba. Wanda ya lalace warin tsohuwar gyaɗa yake yi, ya bar miki maiƙo a baki.

Ɗan Gobir:
Ki sa shi a firji, in ya daskare na asali ne.

Baban Sadiq:
Malam, wannan gwajin ba abin dogaro ba ne, gauraye ma yana daskarewa. A duba jikin kwalba. In an rubuta extra virgin, matsa ce kawai, ba a tace shi da sinadari ba, kuma tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba. In ka ga pomace, wannan daga tukar da ta rage aka ciro shi da sinadari, kamar a koma kan tunkuza a sake tatsa, sannan a tace. Shi ya sa ba ƙamshi ba ɗanɗano.

Maman Hanifa:
Ikon Allah, yanzu na ɗauko tsohuwar kwalbata, pomace ne ɓaro-ɓaro a jiki. Shekara uku ina sha!

Inna Zinder:
Ƙanwata, kada ki yi ta ajiyarsa kina jin tausayi, man zaitun ba zuma ba ne, tsufa rage shi yake yi. Ki nisanta shi da rana da murhu, ki shanye cikin wata biyu ko uku. Ni a kan ɗanwake da kwaɗon zogale nake zubawa bayan na sauke, ɗacin yana ɓacewa cikin abinci. Maigida ne kawai har yau ya ce shi a bar shi da man gyaɗarsa.