Wace kalma za mu sa wa fitilun LED masu jin umarni ɗaya-ɗaya?

Jama'a masu harkar wutar ado, ku taya ni da wannan. Makon jiya ina koya wa yaron shagona haɗa allon fitilu da dogon zaren fitilu a kan kwantarola guda, wato ƙaramar na'urar da ke ba su umarni, mai suna ESP32, ɗauke da manhajar sarrafa fitilu ta WLED. Aikin bai ba mu wuya ba. Inda na maƙale shi ne sunan fitilun da Hausa.

Mafi yawanmu cewa muke "fitila mai adireshi", fassarar sunan Turanci kai tsaye. Ni sunan bai kwanta mini ba, don ƙwan fitilar da muke aiki da shi, samfurin WS2812B, ba shi da wani adireshi a cikinsa. Waya ɗaya ce ke kai saƙo. Ƙwan farko ya tsinci rabonsa, bit 24 (bit shi ne ƙwayar saƙo mafi ƙanƙanta), takwas na kore, takwas na ja, takwas na shuɗi, sai ya tura sauran gaba. Na biyu ma haka, har ƙarshen layi. Matsayinsa a sahu shi ne lambarsa, ba komai ba.

Da idonsa yaron ya gani. Allonmu 16 sau 16 ne, ƙwai 256, zaren kuma mita biyar mai ƙwai 60 a kowace mita, 300 ke nan. Da allo a gaba, shi ya ɗauki 0 zuwa 255, zare ya kama daga 256 zuwa 555, muka raba su kashi biyu a WLED, rubutu na tafiya a allo, launi na gudana a zare. Da na juya haɗin, zare ya koma gaba ban taɓa saitin ba, rubutun ya tarwatse a kan zaren kamar an watsa gero. Ya dube ni ya ce, "Oga, ashe adireshin ƙarya ne." Haka in ƙwai ɗaya ya ƙone, duk na bayansa sai su daina amsawa, shi ya sa aka yi samfuran WS2813 da WS2815 masu wayar saƙo ta biyu, don saƙo ya tsallake wanda ya ƙone.

Wani abokin sana'a ya kawo "fitila mai jin kira". Da daɗin faɗa, amma har yanzu tana nuna kamar ana kiran kowane ƙwai da sunansa. Wani ya ce a bar ta NeoPixel, alhali wannan sunan kasuwa ne na kamfanin Adafruit.

Tawa shawarar: fitilar ɗauki-ka-miƙa. Duk wanda ya taɓa zama wurin ɗaurin aure ya san yadda farantin goro ke yawo, ka ɗauki naka ka miƙa wa na kusa. Wanda ya ji sunan ya riga ya fahimci dalilin kibiyar da ake zanawa a jikin zare don nuna inda saƙo ke nufa, da dalilin da ba a shigar da saƙo ta wutsiya. Na san ta yi tsawo a bakin ɗan kasuwa. In an gajarta ta koma "'yar miƙa" ban ƙi ba.

Sauran kalmomin ba su da gardama a wurina. Zare da allo sun zauna. Yadda layin allo ke zuwa ƙarshe ya juyo ta baya, wanda Turawa ke kwatantawa da maciji, ni "juyin huɗa" nake ce masa: manomi ya kai ƙarshen kunya, ya juyo a ta kusa. Tun da na faɗa masa haka, yaron bai sake mantawa da kunna saitin wannan juyin a WLED ba.

Masu aikin a Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram, me kuke ce mata a shagunanku? In akwai wadda ta riga ta kama bakin mutane kuma ba ta ɓatar da mai koyo, zan ajiye tawa in ɗauki taku.