Neman kalma: «marquage» na furotin a wuri guda

Mai Shiri, Tahoua: Salamu alaikum. Jibi da dare zan gabatar da shirin kimiyya a rediyo kan aikin da ya ba Carolyn Bertozzi, Morten Meldal da Barry Sharpless kyautar Nobel ta 2022. Abin da ya cije mini shi ne «marquage site-spécifique» na furotin. Me zan ce wa masu saurare?

Mushe Shimi: Sa alama a gurbi. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. In aka bi ta lisin, ɗaya daga cikinsu, tana da yawa, rinin da ake sa alamar da shi zai kama nan ya kama can. 'Yar'uwarta sistayin kuwa kaɗan ce, sai sinadarin maleyimid mai ɗauke da rinin ya je ya cafke farar wutar da ke jikinta, nan kaɗai inda aka nufa.

Dattijon Adar: Lalas! Ku leƙa kasuwar dabbobi ta Abalak, kowane raƙumi da lalas ɗin gidansu, kuma a wuri sananne ake yin sa. Lalas ɗin furotin, an gama.

Ɗalibar Yamai: Baba, a yi mini afuwa, lalas ƙuna ce. Nan ba a ƙona komai. A aikin Nobel ɗin, sinadarai biyu, azid da alkin, ake haɗawa da taimakon jan ƙarfe, amma jan ƙarfen na cutar da ƙwayar halitta mai rai, shi ya sa Bertozzi ta kawo alkin mai lanƙwasasshen zobe da ke kamawa ba sai da shi ba. Maƙalawa ce.

Ɗan Konni: Ku ce markaj mana, kowane ɗan lise ya san shi.

Dattijon Adar: Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, kai kana nan kana markaj! Wa ya raine ka?

Ɗan Konni: Baba, «furotin» ɗin da kuka rubuta daga Adar aka haƙo shi? Rediyon Kano ma aro suke yi, ba su ji kunya ba.

Dattijon Adar: Kano ba alƙiblarmu ba ce.

Mai Shiri: Jama'a, lokaci fa. Zan ce «maƙala alama a zaɓaɓɓen gurbi», in kawo lalas a matsayin misali.

Mushe Shimi: Ya yi tsawo, yara ba za su rubuta shi a allo ba. A rediyo dai ya wuce.

Dattijon Adar: Misali kawai? To. Ni dai lalas zan ci gaba da cewa.

Ɗalibar Yamai: Yaya Mai Shiri, saura «bioorthogonal», wato haɗin sinadarai da ba ya taɓa aikin ƙwayar halitta mai rai. Shi fa?